Ba a Aron Uwa

Ranar da dangin Irimiya suka zo neman auren Afiniki, ita da kanta ta shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin da take haya a Kura. Ita ta kawo ruwa, ita ta dafa shayi, sannan ta jawo kujera ta zauna a gabansu ta ce, "To, ina sauraron ku."

Tabɗijam! Tsofaffin suka kalli juna. Babbansu shi ne Baba Jaji, wan mahaifin Irimiya, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ƙanen nasa. Tun da hantsi ya taso daga ƙauyensu na bayan Bunkure a kan keke, da ƙullin goro ɗaure a baya. Ya gyara murya ya ce, "'Yata, manya muke jira."

"Babu wasu manya, Baba. Ni ce."

"To wa za mu gaisar?"

"Ai kun gaishe ni, na amsa."

"Wa za mu tambaya?"

"Ku tambaye ni mana. Ni na ma yarda. Tun kaka na gaya wa Irimiya."

Ta kama sunan saurayin garau a gaban iyayensa, tana kallon tsakiyar idon tsohon, tana murmushi. Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya.

Kada wani ya ce rashin kunya ne, don wallahi yarinyar nan ba ta san ta yi wani abu ba. Tana jaririya aka kai ta gidan marayu na mishan, bayan uwarta ta rasu wajen haihuwa, wanda ya kai ta kuwa bai sake waiwayowa ba. A can ta tashi a hannun wata Baturiya da kowa ke kira Sista. Ƙararrawa ke tashin su, ƙararrawa ke kiran su cin abinci. An koya musu karatu da ɗinki da wanke hannu da sabulu. An koya musu in babba yana magana ka kalle shi a ido, in an tambaye ka ka amsa da bakinka, in ka ari abu ka mayar a kan lokaci, kuma kada ka ɗora wa kowa nauyinka. Duk ta haddace, har ta zama malamar asibiti a ɗakin shan magani na ma'aikatan noman rani. Abin da ba a koya musu ba shi ne yadda ake zama 'yar wani. Gidan marayun ma yanzu babu shi. Sista ta tsufa ta koma ƙasarsu, ɗakin kwanan 'yan mata kuwa buhunan takin zamani ne a ciki har rufi.

Baba Jaji ya ajiye kofi a hankali. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

"Ba ƙin ki muke ba," ya ce. "Kowa ya san halinki. Ke kika ɗinke min ƙafa ran da lauje ya sare ni. Amma mu ba ma ɗaukar mace haka kawai a hanya. Yaron nan direban tarakta ne, yana can sama yana kallon mutane a ƙasa. In ba shi da ƙofar da zai tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa sai ya fi taraktar girma. Ke kuma ran da ya ɓata miki rai, ina za ki yi yaji?"

"Ba zan yi yaji ba, Baba."

"Za ki yi. Kowa na yi. Mu kuma ina za mu je biko? Ran haihuwar fari, gidan wa za ki je wanka? Ki samo gidan da za mu gaisar, gidan da za a ɗauko ki. In babu shi, babu aure."

Ya ɗaure goronsa a bayan keke ya koma da shi yadda ya zo da shi.

A shekarar ne aka hana shigo da alkama daga waje, kowa a Kura da Bunkure ya wayi gari manomin alkama. Afiniki da Irimiya sun riga sun shirya cewa da an gama yanka za a yi biki, ga shi alkamar har ta fara ja. Da la'asar Irimiya ya zo, rigarsa duk baƙin mai, ya ji labari ya yi ta dariya har da dukan cinya.

"Ke kika ce musu kin yarda? Da bakinki?"

"To da bakin wa zan faɗa?"

Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya bar dariyar. Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Fasto zai tsaya miki."

Ina! Fasto ɗan ƙanwar Baba Jaji ne. Da aka kai wa tsohon wannan shawara, cewa ya yi, "Yaron da na riƙe wa ƙafa ran kaciya, shi zan je na durƙusa wa?" Cocin nasu kuwa ɗan ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano, duk wanda ka taɓa a ciki in ba jinin Jaji ba ne to matar jininsa ce. Mutum ba ya zama surukin kansa. Faston ma da bakinsa ya ce ba zai ɗaura aure kawunsa yana zaune a gida yana fushi ba.

Sai da Afiniki ta zagaye kowa a ranta, sannan ta dawo kan mai gidan da take haya, Gwaggo Tambaya.

Gwaggo Tambaya Musulma ce, tsohuwa 'yar firit, da murya irin ta mai shela. Aure uku ta yi Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ƙarshe ya rasu ya bar mata gidan da akuya guda. Sana'arta kauɗa. Tumatirin da motocin Kudu suka bari ya yi kwantai, ita ke kwasa da araha ta yanyanka ta shanya, ta adana sai damina ya yi wuyar samu. Tsakaninta da Afiniki kuwa kullum sai an yi. In ba a yi a kan akuya ta tauna hular asibiti ba, za a yi a kan itace, don Afiniki ba ta shan ruwa sai ta tafasa shi.

"Afiniki! Ruwan ma sai an dafa shi kamar ganda? Afiniki! Rage mana waƙar nan, ba ki ji ana kiran salla ba? Afiniki! Zo ki duba min idon nan, tun jiya yake min yaji."

Duk unguwar babu wanda bai haddace sunan ba. Amma in tsohuwar ta yi kwaɗon rama sai ta turo mata a kwano tana mita, in kuma Afiniki ta dawo daga coci ran Lahadi sai ta tarar an kwashe mata shanya an ninke.

Afiniki ta shirya maganarta tsaf, yadda aka koya mata: ka roƙi kaɗan, ka faɗi ranar mayarwa. Ta sami tsohuwar a tsakar gida tana yankan tumatir, hannu ja wur.

"Gwaggo, aro na zo."

"Turmi na bayan ɗaki. In kin gama ki wanke shi."

"Ba turmi ba. So nake ki ara min kanki, ki tsaya min a matsayin uwa. Na ɗan lokaci ne kawai. Su zo su gaishe ki, a ɗauke ni daga nan, shi ke nan. Ba sai kin wahala da komai ba, ni zan yi duk hidimar. Da an gama biki ba zan ƙara damun ki ba."

Wuƙar ta tsaya cak. Gwaggo Tambaya ta ɗago ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Da an gama biki sai ki mayar da ni ina? Bayan ƙyaure, kusa da tsintsiya?"

"Gwaggo, ba haka nake nufi..."

"Ana aron tsani, ana aron jaki, har zanen fita biki ana ara. Yau kuma ni za a ara! Ni Tambaya! Ke da iliminki da farar rigarki, ashe kan nan babu komai a ciki sai allura. Tashi ki ba ni wuri kafin na yanke yatsa."

Afiniki ta tashi ta koma ɗakinta. Ta juya maganar ta sake juyawa, ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Ta ce don Allah, ta yi alkawarin ba za ta yi nauyi ba, me kuma ya rage? Ƙarshe ta ce a ranta, ko dai don ni Kirista ce. Gidan ya yi tsit na 'yan kwanaki. A gonaki kuwa an sa wa alkama lauje, kullum da safe Irimiya ya wuce da tirela cike da dammuna, ya danna mata oda sau ɗaya ba karsashi.

Amma Afiniki ba ta iya barin magana a ciki ta ruɓe ba, wannan ma tarbiyyar Sista ce. Wata safiya, da kayan aiki a jikinta, ta bi tsohuwar har bakin kanal, inda take baza tumatir a kan karan dawa, ruwan madatsar Tiga na wucewa a gefe yana ɗauke da ganyen albasa.

"Gwaggo, in don addinina ne, ki gaya min."

"Tun yaushe kike cika min gida da waƙar coci? Na kore ki?"

"To me na yi?"

Tsohuwar ta ci gaba da shanyarta kamar da karan dawa ake magana.

"Ni ban san yadda ake roƙon wannan abin ba," Afiniki ta ce. "Ba a koya mana ba. Mu duk abin da muka taɓa riƙewa na aro ne. Gado na aro, kwano na aro, rigar Kirsimeti in ta yi miki kaɗan ki cire ki ba ta bayanki. Sista ma da muke ce wa uwa, da lokacinta ya yi jirgi ta hau. Na ce na ɗan lokaci ne don kada na yi miki nauyi. Tsoro nake ji na roƙi da yawa ki ce a'a."

Gwaggo Tambaya ta daɗe tana juya wani ɓarin tumatir da ya riga ya bushe ƙayau. Can ta face hanci da gefen zane, ta dubi ruwa ta ce, "Rana ta yi, masu aikin gwamnati suna tsaye suna surutu. In an tashi aiki a biya a kira min Maharazu."

Maharazu ƙanenta ne, manomin albasa, mutum mai tsoron Allah da tsoron yayarsa. Da ya ji abin da ake so ya yi, wato ya zama uban amarya, sai ya sosa ƙeya ya ce bari ya ji ta bakin malaminsu. Ya dawo ya ce malam ya ce riƙon maraya lada ne, sai dai kada ya shiga sujadarsu. Gwaggo ta ce wa ya ce masa ya shiga, shi dai ya wanke babbar rigarsa ya share zaure.

Haka Baba Jaji ya sake ɗauro goro, sabo wannan karon, ya zo da mutanensa. Suka tuɓe takalma a ƙofar zaure, suka gaisa da Maharazu gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da ruwa da dabbobi. Afiniki tana kulle a ɗaki, an ce in ta leƙo sai an saɓa mata. Da aka zo kan magana, Maharazu ya buɗe baki zai ce an ba su, sai muryar Gwaggo ta taso daga bayan zana.

"A ce musu sai mun yi bincike! Ba a kan juji muka tsinci 'ya ba."

Maharazu ya haɗiye maganarsa ya ce, "To, kun dai ji."

Afiniki a ɗaki ta dafe kai, ta ce shi ke nan, tsohuwar nan ta kashe aure. Ashe Baba Jaji tun daga Kura har gida dariya yake a kan keke. Yana sauka ya ce wa iyalinsa, "Yauwa! Yanzu na san aure muke nema. An kore mu!"

Binciken kuwa ba da wasa aka yi shi ba. Gwaggo ta yafa mayafi ta bi gonaki. Ta tambayi mai buɗe ruwan kanal, ta tambayi mai ƙosan bakin gada, ta aika har ƙauyensu a ji ko yaron yana leƙa gidan burkutu. Har gonar da ya yi wa huɗa ta je ta tsaya tana duba ko layin ya miƙe. Laifi biyu ta samo masa: yawan dariya da gudu da tarakta. Ta ce za a iya zama da su. Da su Baba Jaji suka dawo aka karɓi goro, aka sa rana, aka kuma kafa wa Irimiya doka cewa zancen ƙofar gida ya ƙare sai bayan biki.

Daga ranar bawan Allah ya shiga uku. Duk inda ya hango Gwaggo a hanyar kanal sai ya kashe inji, ya diro, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a cikin ƙura. Ita kuwa ta kau da kai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta wuce. Manoma daga cikin gonaki su yi ta masa tsiya: "Direba, sauko, ga surukarka can!" Wani lokaci ƙarya suke yi, amma sai ya duba.

Sai dai wani abu ya shiga tsakanin Afiniki da Gwaggo wanda ya hana yarinyar sakewa. Tun ranar bakin kanal tsohuwar ba ta sake kama sunanta ba. Muryar nan da ke tashin unguwa da "Afiniki!" ta mutu murus. In tuwo ya sauka sai ta dubi akuya ta ce, "A gaya wa mutanen ɗakin can abinci na hucewa." In maƙwabta sun tambaya sai ta ce "yarinyar nan" ko "waccan". In Afiniki ta shigo ana hira, sai Gwaggo ta tuna tana da aiki a madafi. Faɗan ma da suka saba ya ƙare. Da gangan Afiniki ta tafasa ruwa da itace kusan rabin dami, ko tari tsohuwar ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Wanda ya tashi a gaban iyaye, da ya gani ya san dawan garin. Amma wa zai gaya wa Afiniki? Irimiya an hana shi zuwa, ita kuma ba ta tambayi kowa ba, don kada a ce ga wadda aka yi wa alfarma tana ƙorafi. Sai ta yanke wa kanta hukunci ita kaɗai: na matsa mata ne, tausayi ya sa ta karɓa, jira take a gama ta huta da ni.

Ana cikin haka Gwaggo ta kwashe kauɗarta kaf, wadda ta saba ɓoyewa sai damina, ta sayar tun da rani. Ta hau mota ta shiga Kano, ta dawo da yamma a bayan a-kori-kura, zaune a kan gado mai rumfa, kwanukan samira da fanteka sun kewaye ta. Afiniki ta fito da gudu ta durƙusa, abin da ta koya kwanan nan.

"Gwaggo, wannan ya yi yawa. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Wa ya ce na wani ne? A matsa min na wuce."

Ranar sa lalle gidan ya cika maƙil. Matan zumunta na coci suka zo da tulunansu na kiɗa, matan unguwa suka zo da ƙwarya da guɗa. In an kira salla masu tulu su dakata, in an idar su ɗora daga inda suka tsaya. Aka cusa hannun amarya a zunguru, aka naɗe mata ƙafa da ganye, ita da ba ta taɓa barin ko ɗigon datti a farce ba. Kowa ya zo ya tsokane ta, kowa ya ba ta shawarar zaman aure, mai amfani da marar amfani. Gwaggo Tambaya kuwa tana madafi tun safe, ta juya wa taron baya tana tuƙa tuwo.

Ran Asabar da hantsi abokin ango ya iso da tarakta, an wanke ta fes, an ɗaura mata ganyen darbejiya, an share tirela an shimfiɗa tabarmi. Afiniki ta fito cikin farar rigar da ta ɗinka da hannunta, lulluɓi har baya, hannu da ƙafa sun yi jajir da lalle. Mata suka ɗauki guɗa. Ta ce a dakata mata, ta je ƙofar ɗakin Gwaggo. Asabari a sake yake.

"Gwaggo, za mu tafi."

Afiniki ta ƙara matsawa kusa da asabarin.

"Gwaggo, ba za ki zo ba? Ko daga waje ne, kamar Kawu Maharazu?"

Can daga ciki murya ta fito a dishe. "Allah ya kiyaye hanya. A yi haƙuri da mutane."

Shi ke nan abin da ta samu. Aka kama ta aka ɗora a tirela, aka bi gefen kanal ana waƙa ana girgiza, yara na bin su da gudu, gonakin alkama sun zama fili sai tattabaru ke kiwo. Afiniki tana murmushi, don an koya mata amarya murmushi take yi, amma zuciyarta na can bayan asabari.

Coci ya cika har taga. Maharazu ya sha babbar riga ya kafa lema a gindin darbejiya, daidai tagar da ke kusa da Fasto. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka yi wa'azi mai ɗan tsawo, don Fasto ya ga baƙi. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Wane ne ke ba da wannan mace aure?"

Tsit. Fasto ya maimaita. Ashe uban amarya ya samu abokin gardama, shi da abokin angon da ya tuƙo tarakta suna musu a kan irin albasar da ya fi jure ajiya. Sai da Fasto ya zura kai ta taga ya ce, "Malam, da kai fa ake!"

Maharazu ya zabura, lema ta faɗi. "Mu ne! Mu muka ba shi! Amana ce, a gaya masa!"

Coci ya kwashe da dariya, tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa, Baba Jaji a kujerar gaba yana gyaɗa kai kamar shi ya shirya abin. Aka sa zobe. Irimiya yau babu dariya, sai zufa. Afiniki ta amsa alkawarinta da murya garau yadda ta saba. Amma duk wanda ya gitta ta ƙofa sai ta saci kallo, har aka fito aka ɗauki hoto, ba ta ga wadda take nema ba.

Da azahar aka kai ta ɗakinta a gidan su ango. Matan Kura sun riga sun yi jere, samira a kan samira har kusa da rufi, gado mai rumfa ya cinye rabin ɗakin. A waje ana ta rabon shinkafa. Ta zauna a bakin gado tana kallon kwanukan, murmushin ya gaji ya sauka.

Sai ga Inna Sa'a, mahaifiyar Irimiya, ta shigo da ƙwaryar fura, idonta ja saboda hayaƙin madafi. Mace ce mai jiki da fara'a. Ta ɗaga lulluɓin ta leƙa ta ce, "A'a, amarya, wannan fuska fa? Yunwa ce?"

Wata amaryar da sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Afiniki kuwa an tambaye ta, don haka ta amsa.

"Inna, Gwaggo ba ta zo ba. Ko fitowa ba ta yi ta gan ni da rigar ba. Tun ran da ta yarda za ta tsaya min, ba ta sake kiran sunana ba. Ko faɗa ta daina yi min. Ina jin dole na yi mata. Yanzu an gama, ta huta."

Inna Sa'a ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta zubar, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta leƙa waje ta ce, "Ku zo ku ji 'yar Sista!" Mata suka cika ƙofa. Ta share hawayen dariya ta zauna kusa da ita.

"Ke, yau kin gan ni a coci?"

Afiniki ta yi tunani. "A'a."

"Tun da kike zuwa garin nan, kin taɓa jin na kama sunan mijinki?"

"A'a, Inna."

"To ɗan fari ne. Tun da na haife shi sunan nan bai fito daga bakina ba. Ba na zama inda yake hira, ba na tsayawa a taronsa. Kunya ce, 'yata, haka muka gada, mu Kirista da su Musulmi duka. 'Yar haya ake ƙwala wa kira a tsakar gida. Baiwar Allah nan ta yi aure uku tana kallon mata suna kunyar 'ya'yansu, ita ba ta da wanda za ta ji kunya. Yau Allah ya ba ta, ke kuma kina nan kina cewa ta huta? Wallahi yanzu haka tana ɗaki tana kukan da ba ta so kowa ya gani."

Afiniki ta ɗago kai. Ta dubi matan ƙofa, kowace tana gyaɗa mata kai. Sai ta miƙe zumbur, lulluɓi na zamewa.

"A kira min abokin ango ya tayar da tarakta. Yanzu zan je na dawo."

"Ki je ina?"

"Gida."

Inna Sa'a ta kamo hannunta ta zaunar da ita. "Amarya ba ta zuwa gida yau, ba ta zuwa gobe. Sai kin kwana biyu a ɗakinki, mu kai ki da kanmu. In kin je ma ba kallon ki za ta yi ba."

"To ni yanzu yaya zan yi?"

"Yadda kowa ta yi. Ki zauna ki yi kewa."

Afiniki ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta saki kuka, irin wanda ake ji har ƙofar gida. Matan suka ja mata ƙyaure suka bar ta, babu wadda ta ce ta yi shiru.